Bangon Don Teodomiro

Duk wanda ya ce ba a samun manyan mutane a unguwar Santa Rufina, bai taɓa ganin Don Teodomiro Yarlequé yana tsallaka titi ba. Sauran jama'a suna tsallakawa ne don su isa ɗaya gefen. Shi kuwa yana tsallakawa ne don titin ya samu daraja. Zai ɗaga hannu ya tsayar da kekuna masu ƙafa uku, ko da babu keke ko ɗaya a kusa, sannan ya taka a hankali, ƙirji a gaba, jakar fata a hammata, farar riga a maƙale har wuya, cikin zafin garin Piura da ke sa ƙadangare neman inuwa.

Ya yi wa ƙasa hidima. Kowa ya san haka, domin shi da kansa ya sanar da kowa. Ya yi shekara da shekaru a ofishin magajin gari yana riƙe da muƙamin da yake kira jami'in sadarwa tsakanin manyan ofisoshi. Mahassada suna cewa masinja ne. Da ya yi ritaya aka zaɓe shi shugaban kwamitin unguwa, a wani taro da aka kira daidai lokacin da ake nuna wasan ƙwallon ƙasa a talabijin. Mahalarta taron su ne shi, da matarsa da ta zo kiransa cin abinci, da wani kare mai neman sanyi a ƙarƙashin benci. Ba a samu mai adawa ba.

Amma babban aikin rayuwarsa shi ne bangon.

Santa Rufina a kan yashi take. Gidajenta na zana ne da falanki, rufinsu kwano da aka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi don kada iskar yamma ta tafi da shi. A tsakiyar wannan talauci Don Teodomiro ya zuba duk abin da aka sallame shi da shi daga aiki, ya tayar da fuskar gida mai hawa biyu. Bulo ne ja, an shafe shi da fenti ruwan mangwaro. Akwai ginshiƙai biyu, da baranda mai ƙarfen ado, da ƙofar katako mai sassaƙa, da tagogi masu labule. A bakin ƙofa ya girke zakuna biyu na siminti. Na dama ya yi kama da zaki. Na hagu ya fi kama da akuyar da haƙori ke damu.

A bayan wannan fuska babu komai sai abin da kowa yake da shi: zana, falanki, kwano mai huji, da agwagi. Tagogin sama sararin samaniya suke kallo ta gaba da ta baya, shi ya sa ba a taɓa ɗaga labulensu. Barandar kuwa da tsani ake hawanta ta baya, a bi ta gefen igiyar shanya. Duk unguwa ta san haka, tunda lungun da ake bi zuwa famfo ta bayan gidan ya ratsa. Sai dai mutanen Santa Rufina suna da ladabi. In za su yi dariya sai sun wuce kwana.

Matarsa, Doña Casimira, gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu da ke soya ayaba tana sayarwa a bakin tasha. Ita ba ta jira sai ta wuce kwana. Shekarar da aka yi ruwan da ya cika Piura, ta kwana tana jera robobi a kan gado, ta ce masa, “Teo, zakunanka sun bushe, mu mun jiƙe.”

Ya ce, “Kashin farko ke nan, Casimira. Babban gini daga fuska ake fara shi.”

Ta ce, “To ka gaya wa ruwa ya jira kashi na biyu.”

Ana nan sai rediyo ya sanar cewa gwamnati za ta tallafa wa duk iyalin da ke da fili amma ba shi da gida mai ƙwari. Iyali su kawo ɗan abin da suka tara, gwamnati ta cika sauran, a gina musu ƙaramin gidan bulo: ɗakuna biyu, wurin girki, da banɗaki. Labarin ya shiga kowane gida tun da safe. Da rana ta take sai ga Don Teodomiro a baranda da lasifika, ya ɗan yi haki saboda tsani, ya zo ya sanar da jama'a abin da suka riga suka ji.

“Ya ku al'ummar Santa Rufina, mazanku da matanku. Ba na son yabon kai, kun shaida. Amma akwai ƙofofin da na ƙwanƙwasa a Lima, babban birnin ƙasa, waɗanda ba zan faɗi sunayensu ba. Akwai kunnuwan da na yi wa raɗa. Yau ga shi raɗar ta zama rufi. Ba na neman godiya. In tarihi ya ga dama ya kira ni Uban Rufi, ba zan yi gardama da tarihi ba.”

Tarihi bai ce komai ba. Doña Eufemia mai sayar da chicha, giyar masara, wadda farar tutarta ke kaɗawa a ƙofar rumfarta daura da gidan, ita ce ta ɗaga kai ta ce, “Don Teo, yaushe ka je Lima ba mu yi maka rakiya ba?”

Ya ce, “Manyan al'amura ba sa buƙatar mota, maƙwabciya.”

Daga ranar unguwa ta raɗa masa Ministan Baranda. Da sunan ya zo kunnensa sai ya ɗauki rabin farko ya bar na biyun.

Mutane suka yi ta zuwa ofishin gidaje suna ba da sunayensu. Minista ya tsaya a bakin layi yana nuna wa kowa ƙofar da kowa yake gani. Ya koya wa tsofaffi yadda ake gaisar da jami'in gwamnati. Ya tara matan unguwa a inuwar bishiyar algarrobo ya sa su gwada tafi, ya ce na farko ya yi rauni, a sake. Casimira ba ta je gwajin tafi ba. Ta sa takalminta na zuwa coci, ta ɗaure ajiyarta a gefen zane, ta je ta ba da sunanta, domin filin nata ne. Ita ce ta shimfiɗa tabarma ta zauna a kan yashin nan lokacin da aka kafa unguwar, shi yana can yana sadarwa tsakanin manyan ofisoshi. Da ta dawo ta gaya masa, sai ya ce, “Na ba ki izini.”

A cikin ransa ya yi murna ƙwarai. Ya riga ya tsara yadda gwamnati za ta zo ta cike masa bayan bangonsa, a yi falo mai faɗi inda zai riƙa karɓar baƙi. A bainar jama'a kuwa cewa yake yi, “Ni na riga na gina nawa. Saboda ku nake wannan wahalar.”

Aka turo mai dubawa ta zagaya ta ga gidajen da idonta. Sunanta Injiniya Liduvina Chero, matashiya ce mai malafa da takalmi duk ƙura, ba ta da yawan magana. Don Teodomiro ya tarye ta tun daga bakin titi. Ya rataya jan ƙyalle mai fari a tsakiya daga kafaɗa zuwa ƙugu, irin na shugaban ƙasa, ya riƙe lema wadda rabinta mafi girma ke kansa. Duk gidan da suka shiga sai ya riga ta magana.

“Dubi wannan, Injiniya. Abin tausayi. Na sha gaya musu mutum ya tashi tsaye ya gina na kirki, amma ba kowa aka ba hangen nesa ba.”

Masu gida suna jinsa, suna murmushi, suna nuna wa injiniya inda ruwa ke zuba.

Haka aka yi ta tafiya, rabin unguwa na biye, har aka iso gaban zakuna. Injiniya ta tsaya. Ta tura malafarta baya, ta bi bangon da kallo tun daga ƙasa har baranda.

“Wannan gidan wane ne?”

Shekarun da Don Teodomiro ya yi yana jiran wani baƙo mai ilimi ya yi wannan tambayar, Allah kaɗai ya san yawansu. Ƙirjinsa ya ƙara fitowa har maɓalli ya yi ƙara.

“Ɗan masaukin bawanki ne, Injiniya.”

“To an yi kuskure ke nan. An ce in duba wannan filin ma.”

A nan ne mutum mai ƙaramar zuciya zai ce bismillah, shigo ki gani. Don Teodomiro ya waiwaya. Ga Eufemia ta riƙe ƙugu. Ga matan da ya koya wa tafi. Ga mutanen da ya gama kira marasa hangen nesa, duk sun zuba masa ido cikin jin daɗi.

Ya ce, “Kuskure ne na ma'aikata, kin san halinsu. Da na shigar da ke, sai dai yanzu aka goge daɓen falo, santsi gare shi. Sama kuwa ɗakin karatuna ne. Can nake keɓewa in yi tunani a kan makomar al'umma.”

“Banɗaki fa? Akwai ruwa?”

“Na zafi da na sanyi.”

Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Durom ɗin da suke tara ruwa yana yin zafi da rana, ya huce da asuba.

Injiniya ta ce, “Na taya ka murna, Señor. Tallafin na marasa gida ne, sai in ba wani gurbin.” Ta yi masa sallama ta wuce gida na gaba.

Ya rusuna mata cikin ƙasaita. Daɗin abin ya raka shi har ƙarshen layi. A hanyar dawowa ne ya gane da bakinsa ya ba da gurbin gidansu.

Abin da ya manta shi ne bangon da ba shi da rufi ba ya ɓoye magana. Casimira tana tsaye a bayan ƙofa mai sassaƙa da wuƙar fere ayaba a hannu, ta ji komai, har ruwan zafi da na sanyi. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta fita ta lungun famfo. Ta samu injiniya a rumfar Eufemia tana cin kifi da rogo.

“Ɗiyata, in kin gama ki zo ki ga ɗakin karatu.”

Injiniya ta ce ai an ce mata daɓe da santsi.

Casimira ta ce, “Ta baya babu santsi. Yashi ne.”

Suka shigo ta ƙofar zana. Suka tarar da Uban Rufi ya tuɓe riga saboda zafi, ya naɗe ƙafar wando, yana tsakiyar tsani zai shanya jan ƙyallensa a ƙarfen baranda. Agwagi suna kai da kawowa a ƙarƙashinsa. Injiniya ta dubi gadon da aka ɗora wa ƙafafu a kan bulo, ta dubi hasken rana da ke saukowa ta hujojin kwano, ta dubi tagogin sama da labulensu ke kaɗawa a fili.

Don Teodomiro ya gyara murya daga kan tsani. “Wannan sashen baya ne. Ana kan gyara.”

Injiniya ba ta yi dariya ba, kuma yana gode mata a ransa har yau. Ta je ta dafa bangon da tafin hannu ta ɗan tura. Baranda ta yi rawa, tsani ya yi rawa, Minista ya rungume tsani.

Ta ce da Casimira, “Señora, kin cancanta, har kin fi wasu. Amma wannan bangon ba shi da tushe, kuma ya tsaya a inda gidan zai zauna. Ranar da ƙasa ta ɗan girgiza, a kan gadonku zai kwanta. Sai an rushe shi kafin a fara aiki. In ba haka ba, ba zan sa hannu ba.”

Aka shiga yaƙi. Don Teodomiro ya kira taron gaggawa, ya bayyana cewa bangon ba nasa ba ne shi kaɗai, kayan tarihin unguwa ne, kuma jikoki za su tuhumi duk wanda ya yi shiru. Mutane sun halarta sosai, saboda an yi taron a rumfar Eufemia inda ake samun inuwa. Da ya nemi masu goyon baya su ɗaga hannu, mutum ɗaya ya ɗaga, sai aka gane ƙarin chicha yake nema.

A gida Casimira ta yi magana sau ɗaya. Masunta sun fara cewa teku ya yi ɗumi, kuma kowa a Piura ya san ma'anar haka.

“Tsoho, ruwa na zuwa. Na gaji da kwana da roba a ciki. Ko bango ya sauka, ko in koma garin Catacaos wajen ƙanwata. Ka zauna da zakunanka, na hagun ya riƙa yi maka girki.”

“Kina yi wa shugaban al'umma barazana?”

“Ina gaya wa mijina inda zan kwana.”

Ya yi fushi, ya ɗauke cin abincinsa zuwa rumfar Eufemia. Can ma bai samu sauƙi ba. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi wane littafi agwagi suke karantawa yanzu. Ya daure na wasu kwanaki yana cin abinci fuskarsa na kallon bango. Wata yamma da kasuwa ta yi sanyi, Eufemia ta zuba masa chicha a ƙoƙo ta zauna kusa da shi.

“Don Teo, tsakani da Allah, me ke cikin bangon nan?”

Ya daɗe yana juya ƙoƙon. Sannan ya yi magana da muryar da ba ta lasifika ba. Ya ce duk rayuwarsa a bakin ƙofofin mutane ya yi ta, a tsaye, da takarda a hannu, ana ce masa ya jira. Ya yi wa kansa alkawarin wata rana shi ma zai mallaki ƙofar da za a tsaya a ƙwanƙwasa.

Eufemia ta ce, “To ai gidan gwamnatin ma da ƙofa yake zuwa. Har da abin da ake samu in an buɗe ta.”

Ya shanye ƙoƙon ya tafi gida. Washegari ya hau baranda.

“Ya ku al'umma. Bayan dogon nazari, ni kaɗai, ba tare da matsin lambar kowa ba, na yanke shawarar sadaukar da gidana. Shugaba na gari ba ya kwana a bene mabiyansa na ƙasa. Zan sauko in zauna a irin gidan da za ku zauna. Kada kowa ya yi kuka.”

Aka yi masa biyayya, ba wanda ya yi.

Ya shirya bikin rushewar da kansa. Aka janye zakuna gefe, aka kore yara daga titi, magina suka ɗaura wa bangon igiya ta gaba don ya faɗo waje. An shirya zai yi jawabi, ya ɗan taɓa bangon da ƙaramar guduma don alama, sannan ma'aikata su kwashe yini suna fama da wannan gagarumin gini. Ya tsaya ta ciki, ya yi jawabi a kan ƙarfin bulo da ƙarfin hali, ya ce gini irin wannan ba ya faɗuwa da sauƙi. Ya ɗaga guduma ya ɗan ƙwanƙwasa. Magina ba su ma gama tofa yawu a hannu ba. Bangon ya yi ɗan tunani, ya sunkuya, ya kwanta a titi gaba ɗayansa, da baranda da labule da komai.

Da ƙura ta lafa, sai ga Santa Rufina tana kallon cikin gidan shugabanta ta gaba a karon farko. Ƙura ta rufe shi fari fat. Ya tuɓe rigar da ta lalace, ya samu bokiti ya kifa ya zauna daga shi sai singileti mai huji, guduma a hannu, zana a bayansa, wata agwagwa ta zo ta tsaya a gefen ƙafarsa. Fuskarsa ta yi irin ta mutumin da duniya ta gama da shi.

A daidai nan wani saurayi mai kyamara, wanda ofishin gidaje ya turo yana ɗaukar yadda aiki ke tafiya, ya durƙusa ya ɗauki hoto. Sannan ya matso da ladabi.

“Señor, ka yarda mu yi amfani da hotonka wajen sanar da jama'a wannan shiri?”

Rai ya dawo wa Don Teodomiro nan take. Ya miƙe, ya kakkaɓe, ya sa a kawo masa wata riga da jan ƙyallensa. Ya tsaya ya dafa kan zakin dama, ya ɗaga haɓa yana kallon nesa. Saurayin ya ɗauki wannan ma, don kada ya ɓata masa rai.

“Na yarda, ɗana. Amma ku sa shi babba. Jama'a suna buƙatar abin koyi.”

Ya sa hannu da irin sa hannunsa mai jela uku.

Gidaje suka tashi layi layi, duk iri ɗaya, farare masu shuɗiyar ƙofa. Don Teodomiro ya zagaya kowane gini yana ba magina shawara, su kuma suna cewa to, suna ci gaba da abin da suke yi. Ranar miƙa makullai ya rubuta jawabi mai tsawo, amma aka ce lokaci ya ƙure. Aka kira Señora Casimira Namuche. Ta fito da 'yan kunnenta na zinariya da ta gada, ta karɓi makulli ta ɗaga sama tana dariya har giɓin haƙorinta na gefe da ya fita ya bayyana. Mai kyamara ya ɗauka.

Ruwa ya zo kamar yadda masunta suka faɗa. Ranar da ya fara sauka, da rana tsaka, Casimira ta tsaya a tsakiyar ɗakinta ta ɗaga kai tana kallon rufi. Ta daɗe a haka. Ko ɗigo. Ta ɗauko robobin da ta saba jerawa a gado ta juye ayaba a ciki. Shi ma Don Teodomiro ya miƙe ƙafa a busasshiyar kujera ya ce, “Kin ga abin da nake gaya miki. Kashi na biyu ke nan.” Ta ƙyale shi, don ranar ba ta faɗa ba ce.

Bayan ruwa ya ɗauke, wani direban keke ya kawo labari cewa ana kafa wani ƙaton allo a mararrabar da ake shiga unguwa daga babban titi, kuma ya hango fuskar Don Teo a jiki kafin a rufe da tamfol. Ministan bai yi mamaki ba. Ya ce dama ya san za a yi, sai dai bai so ya faɗa ba saboda tawali'u. Ya sa aka goge farar riga. Ya gayyaci unguwa kaf. Ya ɗauko masu bushe-bushe na coci, ya yi musu alkawarin abinci daga tukunyar Casimira ba tare da ya tambaye ta ba. Aka ɗunguma zuwa mararraba, shi a gaba, jan ƙyalle a kafaɗa.

Suna isa ma'aikata suna janye tamfol.

Allon ya kai girman motar haya. An raba shi biyu. A hagu ga wani tsoho cikin singileti mai huji, fari fat da ƙura, zaune a kan bokiti a gaban zana, agwagwa a gefensa, fuskarsa abin a ba shi sadaka. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: JIYA. A dama ga Doña Casimira a gaban shuɗiyar ƙofa, makulli a sama, 'yan kunne na walƙiya. A samanta an rubuta: YAU.

Mai kakaki ya fara busa, ya ga ba wanda ya bi shi, ya sauke. Mutanen Santa Rufina suka nemi kwanar da za su wuce su yi dariya, mararraba kuwa fili ce.

Eufemia ta ce, “Sun cika alkawari dai, Don Teo. Babba ne.”

Don Teodomiro ya daɗe yana kallon kansa. Ya gyara ƙyalle, ya juyo ya fuskanci jama'a.

“Ku lura da abu ɗaya. Ni aka sa a farko. Duk mai karatu, daga kaina zai fara.”

Casimira ta riƙo hannunsa ta ce, “Haka ne, tsoho. Daga kanka za a fara, a wuce. Zo mu je, ka tara mini mutane da yunwa.”

Allon yana nan har yanzu, rana ta ɗan kashe masa launi. Motocin haya da ke fitowa daga cikin gari a gindinsa suke tsayawa, kuma yaran mota ba su da lokacin faɗin Santa Rufina. Suna leƙo kai ta taga suna kira, “Masu sauka a Don Jiya, ku matso ƙofa.” Idan Don Teodomiro ya yi baƙo, yakan gaya masa cikin sauƙin kai cewa ba zai sha wahalar gane hanya ba, domin an sa wa tashar sunansa.